Altaneta Ba Janareto Ba Ce

Akwai wani dattijo mai wayarin ɗin mota a nan Wudil, sa'an mahaifina, da na ci wa mutunci a gaban yaransa a kan laifin da ba nasa ba. Tun da a bainar jama'a na yi ɓarnar, bai kamata gyaranta ya tsaya tsakanina da shi kaɗai ba. Kuma abin da ya kai ni ga haka, ina ganin masu motoci da yawa suna shirin faɗawa cikinsa, musamman yanzu da kowa ke neman hanyar da zai samu wuta ba tare da ya ja igiyar janareto ba.

Sana'ata bin kasuwanni da kayan sanyi: ruwan leda, zoɓo, kunun aya, lemon kwalba, ga kuma cajin waya a gefe. Ina da tsohuwar Hiace mai shan fetur da na cire kujerunta na baya, na sa firiza da allon soket da fanka da 'yar katifa. Ranar Juma'a ina Wudil, ranar da Kara ke cika da shanu da dillalai da fatake masu lodi zuwa Kudu, kowa na neman abin da zai jiƙa maƙoshi. Sauran ranaku nakan leƙa Darki ko Gaya ko Kachako, kuma sau da yawa a cikin motar nake kwana don in kama wuri tun da asuba. A Amurka da Turai akwai motocin da aka ƙera musamman don irin wannan zama, da gado da kicin a ciki, kuma tun daga masana'anta batir kashi biyu ake sa musu: ɗaya na tayar da inji, ɗaya na hidimar cikin ɗaki, da na'urar da ke shiga tsakaninsu. Mu a nan da hannu muke haɗa namu a gindin bishiya, kuma wannan na'urar ta tsakiya ita ce abin da muke fara tsallakewa.

Da ƙaramin janareto nake aiki har zuwa ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce 1,000. Ribar ruwan leda ba ta ɗaukar wannan. Sai na yi wani lissafi da na ga kamar babu mai ture shi: mota dai dole ta yi tafiya, in tana tafiya tana yin caji, me zai hana in tara wannan wutar a babban batir in yi amfani da ita a kasuwa? Na sayi dogon batirin inbata irin na ruwa, mai lamba 200 a jiki, da inbatarsa, na nufi garejin dattijon nan don ya haɗa mini shi da batirin mota.

Ya duba batirin, ya ɗaga kujerar gaba ya leƙa injin, ya karanta abin da ke jikin altaneta. Amfiya 70 aka rubuta.

"Ɗana, wannan batirin ya fi ƙarfin altanetarka," in ji shi. "In har sai an haɗa, to a sa abin da zai raba su, a sa fiyus gaba da baya. Kuma kada ka kuskura ka riƙa barin mota a silo kana caji."

"Baba, nawa duk wannan zai ci?"

Da ya faɗi kuɗin, sai zuciyata ta raya mini cewa ƙarin aiki yake nema wa kansa. Na yi masa godiya na tafi. Na sayi wayar walda mai kauri, na ja ta da kaina daga kan batirin mota, ta ƙarƙashin daɓen motar, har zuwa kan babban batir a baya. Babu fiyus, babu komai a tsakani. A tunanina kaurin wayar shi ne kariya. Ban san cewa da siririyar waya na sa, ko ba komai da ta rage yawan wutar da batirin zai iya zuƙa ba, duk da ita ma tana da nata haɗarin na zafi. Da wannan mai kaurin na buɗe masa ƙofa gaba ɗaya.

Da farko abin ya yi kamar ya yi. Batirin sabo ne, kuma in an kawo wuta a gida nakan cika shi kafin in fita, don haka aikin da ke kan altaneta bai yi yawa ba. Alamu dai sun fara zuwa: fambel na ƙara da safe in na tayar, fitilun gaba na dusashewa in na tsaya, wani lokacin kik ya yi nauyi. Na ɗaure fambel na ci gaba da harkata.

A watan Oktoba na 2024 Arewa ta shiga duhu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, aka yi fiye da mako guda babu wuta a Kano da maƙwabtanta. Ƙanƙara ta yi tsada, masu neman cajin waya suka yi layi. A gare ni kasuwa ce ta buɗe, amma babu inda zan cika batir sai a jikin mota. Sai na koma yin ainihin abin da aka hana ni: in faka a kasuwa, in bar inji a silo tun hantsi har la'asar, firiza na aiki, allon caji a cike. Wata rana da yamma, ina gab da hawa gadar Wudil, jar fitilar batir ta kama a dashbod, wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashin kujera.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi damuna. Kafin in kai motar gareji, sai da na kwance wayar waldar na ɓoye ta, don kada Baba ya ga na ƙi jin maganarsa. Ya buɗe altaneta ya tarar dayod sun ƙone, naɗin ciki ya fara baƙi. Ya tambaye ni ko na haɗa batirin nan, na ce a'a. Ya canza abin da ya lalace, ya gwada, caji ya dawo daidai. Ina komawa gida na mayar da wayata. Ba a jima ba altanetar ta sake ƙonewa.

A nan ne na je masa da faɗa. Na ce jabun kaya ya sa mini, na ce ya ci kuɗina a banza, na faɗa da ƙarfi yadda yaransa da masu jiran gyara duk suka ji. Mamakin da nake yi har yau shi ne a lokacin na yarda da abin da nake faɗa. Na riga na shawo kan kaina cewa altaneta mai kyau ai dole ta ɗauki wannan aikin, don haka in ta ƙone, to kayan gyaran ne ba su da kyau. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗin aikinsa ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, je ka. Allah ya sa mu gane." Na karɓa.

Na shiga Kano na sayo wata altaneta 'yar Beljiyam a Ƙofar Ruwa, wani ya ɗaura mini. Sanyin hunturu ya rufa mata asiri, don ciniki ya ja baya kuma iska na da sanyi. Da azumin 2025 ya kama a watan Maris, zafi ya dawo, neman ruwan sanyi na buɗa-baki ya tashi, sai ƙaurin nan ya fara dawowa.

Ƙanena, wanda ya karanci fannin lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil kuma yake sana'ar haɗa sola, shi ya zo gida hutun Sallah ya tarar ina shirin sayen babbar altaneta. Ya ce in bari ya auna tukuna. Yana da mita mai baki kamar filaya, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi yawan wutar da ke bi ta cikinta ba tare da an yanke komai ba. Kafin a tayar da inji ya auna batiran biyu, kowanne bai kai bolt 12 ba. Batir mai lafiya da ya cika ya huta, wajen 12.6 yake nunawa; in ya sauko 12.2 ya sha rabi. Nawa duka biyun a ƙasa suke, kuma lamba ɗaya suke nunawa, tun da wayar ta mayar da su abu guda. Wato duk daren da fanka ta kwana tana juyawa, har da batirin kik take sha.

Muka tayar da mota, muka bar ta a silo, muka kunna kaya kamar yadda nake yi a kasuwa. Ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4 in caji na tafiya daidai. Ko 13 ba ta kai ba. Ya maƙala mitar a wayar altaneta, ta nuna tana bayar da wajen amfiya 40, iyakar abin da za ta iya ke nan a wannan juyin. Injin kansa na ɗaukar nasa kaso, abin da ya rage ya wuce baya, inda firiza da wayoyi da fanka ke shan sama da amfiya 30 ta cikin inbata.

"Yaya, ka ga batirin nan ba caji yake yi ba," in ji shi. "Ƙara sauka ma yake yi. Taɓa nan ka ji."

Ban iya ajiye yatsa a jikin altanetar ba.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi nake so duk mai irin motata ya riƙe. An ƙera altaneta ne don ɗan ƙaramin aiki. Kik na jan wuta mai yawa, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne, abin da yake ragewa a batir kaɗan ne, cikin mintuna ta mayar da shi. Daga nan katawut ɗin da ke cikinta ya ga bolt ya kai wajen 14, sai ya sassauta mata, ta ci gaba da riƙe fitilu da sauran kayan mota cikin sauƙi. To in aka jingina mata babban batir mai yunwa da inbata mai aiki, bolt ba zai taɓa kaiwa inda katawut zai sassauta ba. Zai ci gaba da matsa mata ta bayar da iyakar ƙarfinta, awa bayan awa. Ba ta da hankalin da za ta ce ta gaji.

Kusan rabin ƙarfin da take karɓa daga inji ba wuta yake zama ba, zafi yake zama. Abin da ke fitar da wannan zafin kuwa 'yar fanka ce da ke kan sandar da ke juya ta. In mota na gudu a titin Kano zuwa Maiduguri, fankar na juyi da sauri, iska na ratsawa. In tana silo, fankar na juyi a hankali, mota a tsaye, kuma a Hiace injin a ƙarƙashin kujera yake, a rufe, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Lambar 70 da aka rubuta a jikinta ma ba a silo ake samunta ba, sai ita altanetar na juyi wajen sau 6,000 a minti. Wato lokacin da na fi ɗora mata nauyi shi ne lokacin da ta fi rauni kuma ta fi rasa iska. Dayod shida ne ke juya wutarta ta zama irin wadda batir ke karɓa, su ne ke fara mutuwa, sai kuma fentin da ke jikin wayar naɗi ya ƙone. Ko daga masana'anta Baba ya ɗauko dayod ɗin da ya sa mini, haka za su ƙone.

Ya kuma yi mini lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko. Batir mai lamba 200 irin na ruwa, ba a son a sha fiye da rabinsa. Masu ƙera shi sun fi son a cika shi da kashi ɗaya cikin goma na lambarsa, wato amfiya 20. Mayar da rabin da aka sha zai ci awa biyar a takarda, a aikace kuwa ya fi haka, domin ƙarshen caji a hankali yake shiga. Daga Wudil zuwa Kano ba a cika awa guda a hanya. Ashe ko da altanetar ba ta ƙone ba, tafiye-tafiyena ba za su taɓa cika wannan batirin ba. Batirin ruwa kuma in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya ragu har abada. Nawa ya riga ya kamu. Wutar da na ɗauka ta banza ce ma ba ta banza ba ce: injin mota irin tawa na shan kusan lita guda ko fiye a kowace awa a silo, don ya ba ni wutar da ƙaramin janareton da na ajiye zai bayar da man da bai kai haka ba.

Sai ya kwanta a ƙarƙashin motar ya bi wayar da hannu, ya kira ni in gani. A inda ta ratsa wani rami a jikin ƙarfe, robar ta goge har jan ƙarfen ciki ya kusa bayyana. Da ta taɓa bodi, batira biyu ne za su juye ɗaruruwan amfiya a wuri guda, babu fiyus ɗin da zai yanke. Katifata a daidai saman wurin take, tankin fetur kuma ba nisa. Fiyus ɗin da Baba ya ce a sa, wanda na ga kamar neman kuɗi ne, don wannan ne.

Washegari na tafi gareji da sassafe, amma na jira sai da yaransa suka hallara. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, na zo neman gafara ne. Kayan da kuka sa mini ba jabu ba ne. Na haɗa batirin nan da kuka hana, kuma da kuka tambaye ni na yi muku ƙarya."

Ya ce tun ranar farko ya ga sawun waya a kan batir, ya san an ɗaura wani abu an kwance. Ya yi shiru ne don ya ga ban shirya jin magana ba. Na mayar masa da kuɗinsa, da ƙyar ya karɓa. Abin da ba zan iya mayarwa ba shi ne mutanen da suka ji maganata a ranar suka tafi da ita, waɗanda ban san su ba balle in bi su in warware. Mai sana'ar hannu ba shi da allon talla, sunansa a bakin mutane shi ne jarinsa.

Shi da ƙanena suka sake aikin tare. Sun sa wata caja ta musamman tsakanin batiran biyu, wadda ba ta aiki sai inji na tashe, kuma ba ta barin abin da ya wuce amfiya 20 ya tsallaka baya komai yunwar batirin. Akwai rile mai araha da ke haɗa batiran in inji ya tashi ya raba su in an kashe. Yana hana a shanye batirin kik, amma ba ya rage yawan abin da na baya ke ja, don haka bai isa ya ceci ƙaramar altaneta daga babban batir ba. Sun sa fiyus a kusa da kan kowane batir, suka zura wayar cikin roba a duk inda ta ratsa ƙarfe. Aka yi wa batirin akwati mai hujin iska zuwa waje, domin batirin ruwa na fitar da iska mai kamawa da wuta in yana caji. Babban aikin kuma aka ɗauke shi daga kan inji aka mayar kan rufin mota: faifan sola da na'urar daidaita cajinsa. Awannin da nake tsaye a kasuwa cikin rana, waɗanda da su ne ke kashe altaneta, yanzu su ne ke cika batir. Aikina shi ne goge ƙura, musamman da hunturu. Kuɗin ya yi mini nauyi, amma bai kai abin da na kashe a altanetoci da batirin da na lalata da man da na ƙona a tsaye ba.

Na yi ta tunanin abin da ya hana ni yarda da Baba tun farko, alhali abin da ya faɗa a jimla uku shi ne ƙanena ya nuna mini da mita. Gaskiya ita ce na raina iliminsa don bai zo da lambobi ba, kuma na shiga garejinsa da zargi a zuciya. Ba na musun akwai jabun kaya a kasuwa, akwai kuma masu gyaran da ke ƙara aiki don ƙarin kuɗi. Amma wanda ya ɓoye wa mai gyara abin da ya yi wa motarsa ba shi da bakin zargi. Su ma masu wayarin ina da roƙo gare su. Mita mai baki ba ta fi ƙarfin gareji ba, kuma mai taurin kai irina ya fi saurin sallamawa in ya ga lamba da idonsa. Sannan a daina gwajin nan na cire kan batir inji na tashe don a ga ko mota za ta mutu. Wutar da ke tashi a wannan lokacin na iya kashe dayod da katawut, a sababbin motoci har da kwamfutar inji.

Masu sayen batirin litiyam kuma su ƙara kula. Ya fi na ruwa zuƙar wuta nesa ba kusa ba, kuma na'urar da ke cikinsa na iya yanke caji farat ɗaya in ya cika, abin da ke yi wa altaneta irin illar cire kan batir. Kada a haɗa shi kai tsaye ko da wasa. Sayen babbar altaneta ma ba ya warware matsalar silo, kuma fambel guda siriri ba ya jan ta ba tare da santsi ba.

'Yan'uwana masu motocin kayan sanyi, da masu lasifikar talla da wa'azi, da direbobin da ke kwana a mota: kafin kasuwa mai zuwa, ku bi wayar da ta tafi batirinku na baya da hannu tun daga farko har ƙarshe, ku ga ko akwai fiyus a kowane ɓangare da kuma inda take gogar ƙarfe. Ku sa a auna muku batirin gaba inji na silo, kaya a kunne. In bai kai bolt 13.5 ba, altanetarku na aikin da ya fi ƙarfinta. Kuma don Allah kada wanda ya kwanta barci a mota inji na aiki, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙin salansa ba ta da wari.